Darɓar Itacen Hajiya

Shekara huɗu na yi a Lyon ina karatun wani ƙwaro da da ƙyar ya kai ƙwayar gero. Idan 'yan gida suka tambaye ni a waya abin da nake karantawa, sai in ce ilimin noma, in yi maza in sauya magana, don na san ranar da aka ji darɓa ce ta kai ni ƙasar Faransa, Damagaram kaf sai ta yi mini dariya. Darɓa dai duk ɗan manomi ya san ta, ita ce mai lulluɓe ganyen wake da na gyaɗa ta bar shi da danƙo. Sai dai wadda aka ba ni ba irin tamu ba ce. A jikin itacen tuffa take zama, tana fitar da wani farin abu mai laushi ta rufe kanta da shi, wanda ya hango reshen daga nesa sai ya rantse auduga aka manna masa. In ka murtsuke ta da yatsa, wani ruwa ne ja mai duhu yake fitowa kamar jini. Da na rasa sunanta da Hausa, sai na sa mata darɓa mai auduga.

A Bron, gefen Lyon, nake zaune lokacin, ɗaki ɗaya kusa da layin jirgin tiram. Ranar Juma'a kuwa Vaulx-en-Velin nake zuwa salla, saboda a can nake samun 'yan Nijar, kuma ba a rasa mai jan ɗalibi gida ya ci tuwo. A nan na san wani dattijo da muke kira Baba. Mutumin Tawa ne, ya zo Faransa tun kafin a haife ni, ya ƙare ƙarfinsa a masana'anta har ya yi ritaya. Dogo ne, mai ƙarancin magana, kuma ba ya yarda a kama masa hannu in zai tashi daga sahu, ko da gwiwarsa tana ƙara kowa yana ji. Ranar da wani ya tona mini asiri a gabansa cewa ƙwari nake karantawa, kowa ya yi dariya ban da shi. Ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran ɗan boko a gida, ya ce, “Ɗan lakkwal, gobe ka taho ka gano mini wani icce.”

Bayan dogayen benayen unguwar akwai wani fili da aka yanka ƙanana-ƙanana aka raba wa mazauna, kowa da 'yar garkarsa da 'yar bukkar ajiye kayan aiki. Ta Baba ba ta ɓuya. Babu ciyawa ko ɗaya, kunyoyin albasa a miƙe kamar da igiya aka ja su, ga yakuwa, ga kuɓewar da sanyin ƙasar ya hana ta tsawo amma bai fasa shuka ta ba kowace shekara. A kusurwa itacen tuffa yake, bai fi tsayin mutum biyu ba. Tun daga ƙofa na gane abin da ke damunsa. Rassan ƙasa duk sun yi fari, ɓawon ya kumbura ƙullutu-ƙullutu, wani wurin ya tsage. Baba ya yi ta barbaɗa masa toka yadda ake yi wa wake a gida, har gindin ya yi furfura.

Sai da muka zauna a kan benci ya ba ni labarin itacen. Matarsa, wadda duk unguwar ke kira Hajiya, ita ta dasa shi shekarar da aka ba su garkar. Shi bai so ba, ya ce wurin albasa ne za a ɓata da itacen da ko inuwar kirki ba ya yi. Ta dasa abinta. Da ta rasu, jama'a suka yi abin da aka saba, aka ɗauki gawa a jirgi aka kai ta gida, aka rufe ta a ƙauyensu kusa da iyayenta. Baba ya raka ta, ya yi kwana arba'in, ya dawo saboda 'yarsa da kuma likitan gwiwarsa.

“Kowa ya ce na kyauta da na kai ta gida,” in ji shi. “Na kyauta ɗin. Amma da na komo nan, sai na iske ba ni da wurin da zan tsaya in yi mata addu'a. Na san addu'a daga ko'ina tana isa, na kuma san ba ta cikin icce, ban yi hauka ba. Amma mutum shina son wurin tsayawa.”

Kullum da safe nan yake zuwa ya tsaya. Ga shi kuma shugabar masu garkunan, wata tsohuwar Bafaranshiya mai kirki amma mai bin doka sau da ƙafa, ta gaya masa cewa in cutar ta ci gaba har ta kama itatuwan maƙwabta, dole a sare. Abin da ya sa ya kira ni ke nan. Ni kuwa da na saba kallon ƙwaron nan a ƙarƙashin madubi ina ƙirga ƙafafunsa, ranar ce na fara jin tsoronsa.

Shekarar nan duka kusan kowace Asabar ina garkar. Baba yana son ya san abokin gabansa, ni kuma na samu wanda zai saurare ni, abin da ko malamina ba ya yi sosai. Na gaya masa yadda shekarar darɓar take. Cikin sanyi ba a ganin ta, ƙananan sun shige tsagin ɓawo, wasu sun gangara ƙasa sun maƙale a saiwa, suna tsotsa a hankali suna jira. Da rana ta fara ɗumi, itace ya fara toho, sai su taso su bi gangar jikin su hau, su nemi inda ɓawo ya yi rauni, wurin da aka yanke reshe ko inda ya tsage, su kafa baki. Daga nan sai haihuwa. Dukkansu mata ne, ba sa yin ƙwai, 'ya'ya suke haifa da rai, 'ya'yan ma mata, kuma cikin 'yan makonni su ma sun fara haihuwa. Kafin sanyi ya dawo an yi zuriya wajen goma, uwa da 'ya da jika duk a reshe ɗaya ƙarƙashin auduga ɗaya.

Baba ya ajiye butar shayi. “Ba namiji?”

Na ce babu.

“Ko guda?”

Na ce sai can ƙarshen shekara. Idan ganye ya fara ja, wasu daga cikinsu sukan fito da fukafukai. Asalin ƙwaron nan daga Amurka aka kawo shi cikin dashen itatuwa, kuma a can ƙasarsu akwai wani babban itace da masu fukafukan ke komawa, su haifi maza da mata, macen ta yi ƙwai ɗaya tak ta mutu, ƙwan ya kwana sanyi a jikin ɓawon. To wannan itacen ba na ƙasar nan ba ne. Masu fukafukan sukan tashi, wasu ma su haifi mazan da matan, amma abin ba ya zuwa ko'ina. Waɗanda suka zauna a saiwa su ne ke riƙe da zuriyar.

“Ke nan ba su samun iccen nasu.”

“Ba sa samu, Baba.”

“Amma kowace shekara sai sun tashi.”

“Kowace shekara.”

Ya kalli reshen, sannan ya ɗauki butar ya ƙara mini shayi.

Maganin da na kawo masa ba na kwalba ba ne. Akwai wani ɗan mitsitsin zanzaro, ido da ƙyar yake ganinsa, wanda ba shi da sana'a sai neman darɓar nan. Yakan huda ta ya saka ƙwai ɗaya a cikinta, ɗansa ya ci ta daga ciki, ta bushe ta zama baƙin ƙoƙo, daga baya sabon zanzaro ya fasa ya fito. A gonar gwajin makarantarmu yana da yawa. Farkon zafi na yanko 'yan rassa masu ɗauke da baƙaƙen ƙoƙunan nan, na kawo su cikin jaka a jirgin metro, na ɗaura su da zare a jikin itacen Hajiya. Baba ya tsaya hannu a baya yana kallona. Ya ce bai taɓa ganin an yi wa cuta magani da wata cutar ba, amma tunda gwamnati biyu suka haɗu suka koya mini, ba zai yi gardama ba.

Abin ya yi aiki fiye da yadda na zata. Kafin ƙarshen zafi farin nan ya ragu, rassan suka cika da baƙaƙen ɗigo-ɗigo. Sabon toho ya fito lafiya. Shugabar garkuna ta zo ta zagaya itacen ta gyaɗa kai. Da kaka Baba ya tsinki tuffa cikin kwando, ƙanana masu tsami, ya aika wa gidaje, ya ajiye mini guda bakwai a leda. A masallaci ya daina ce mini ɗan lakkwal ya koma ce mini likita, ni kuma kaina ya fara girma, ba zan ɓoye ba.

A kakar nan na gama karatu na samu aiki a Paris, wani ofishi a Bobigny mai kula da itatuwan titi da na makarantu. Asabar ta ƙarshe na je yi wa Baba sallama. Na same shi yana wasa wuƙa a kan dutse, ga manjagara jingine da bukka. Ganye ya fara zuba.

“Saura sassabe,” in ji shi.

A gida sai gab da damina ake sassabe, a sare kututture, a tara kara da ƙaya a ƙone, gona ta fito fes tana jiran ruwa. Baba ya mayar da nasa ƙarshen kaka saboda shekarar ƙasar nan a juye take, amma bai taɓa fasawa ba. A wurinmu gonar mutum ita ce fuskarsa. Wanda ya bar tasa da datti, ko bai ji ba ana maganarsa. Baba kuwa a cikin Turawa da Larabawa da mutanen Fotugal yake noma, kuma yana ganin idan garkarsa ta yi ƙazanta, Nijar ce gaba ɗaya ta yi.

Ni kuma na san abin da bai sani ba. 'Ya'yan zanzaron nan a cikin baƙaƙen ƙoƙunan suke kwana sanyi, wasu manne a reshe, wasu sun faɗo cikin busasshen ganye a gindin itacen. Wanda ya share ganyen ya kankare rassan ya ƙone, ya ƙone masu gadin itacen, darɓar kuwa tana can cikin saiwa inda wuta ba ta kai. Na san wannan kamar sunana, da shi aka ba ni takardar kammala karatu. Maganar ta zo mini har baki. Amma ta yaya zan dubi mutumin da ya riƙe hauya tun mahaifina bai yi aure ba, in ce masa ya bar gonarsa da datti? A gidanmu ba a koya wa babba aiki. Ko ka ga ya ɗauki hanyar da ba ita ba, sai dai ka kewaya ka yi masa tambaya, ya gano da kansa.

Sai na kewaya. Na ce, ina kallon ƙasa, “Baba, ganyen nan ko an ɗan bar shi bana, ba laifi.”

Ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. “Ku 'yan lakkwal, ƙazanta ma kun maishe ta ilimi.”

Ni ma na yi dariya. Iyakar abin da na yi ke nan. Na karɓi addu'arsa, na ɗauki tuffata bakwai, na tafi tasha ina gaya wa kaina cewa zan yi masa bayani a waya, a waya ya fi sauƙi tunda ba ido da ido ba ne.

Shi ya riga ni kira, bayan mako biyu. Ina cikin ofis. Muka gaisa gajeriyar gaisuwar waya, lafiya, aiki, sanyi, sannan ya ce da murna a muryarsa, “Likita, na gyara ta tas. Baƙin dattin nan da cutar ta bari, duk na kankare shi da wuƙa, har ƙiraren da ka ɗaura na kwance. Na haɗa da ganye na ƙone cikin tano, gangar ƙarfen nan. In ka ga iccen yanzu sai ka ce wanka anka yi mai.”

Na riƙe wayar ina kallon tagar ofis. Ba zanzaron kaɗai ya tafi ba, wuƙar ma ta buɗe wa darɓa sabbin raunuka a kowane reshe, irin wurin da ta fi so. Ya riga ya faru, faɗa ba za ta dawo da komai ba, haka na ce wa zuciyata. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Sannu da aiki, Baba.” Har yau in na tuna kalmomin nan huɗu sai na ji kunyar kaina.

Cikin sanyi ya kira ya ce cutar ta mutu, ƙanƙara ta gama da ita, babu fari ko ɗaya. Na ce Allah ya sa. Da ɗumi ya fara, waɗanda suka ɓuya a saiwa suka hau. Kafin in samu hutu in shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon, itacen ya yi fari tun daga gindi har ƙarshen rassa, danƙo yana ɗiga a kan albasa. Na roƙi wani abokin karatuna ya yanko mini sabbin rassa daga gonar gwaji, na sake ɗaurawa, na wanke abin da zan iya wankewa da ruwan sabulu. Wannan karon zanzaron ya zo a makare. Ga kuma wata cuta ta ruɓa da ta shiga ta inda ɓawon ya tsage, ita kuwa ba ta da zanzaro. Shekarar ba a tsinki tuffa ko ɗaya ba. Wadda ta biyo, rabin itacen bai yi ganye ba, farin kuma ya tsallaka shinge ya kama itatuwa biyu na maƙwabci.

Ba zan ce da Baba bai yi sassabe ba lalle itacen zai rayu. Tsoho ne, an daɗe ana tsotsarsa, mai yiwuwa kwanansa ne ya ƙare. Na sha gaya wa kaina haka a cikin jirgi tsakanin Paris da Lyon. Sai dai na san yana da dama guda, kuma a hannuna take.

'Yar Baba ce ta kira ni. A Faransa aka haife ta, Hausarta rabi Faransanci ce. Ta ce, “Yaya, an ce samedi za a sare. Papa ba ya cin abinci. Il faut que ka zo, dole ne, kai kaɗai yake yarda ka taɓa iccen.”

Na isa ranar Asabar ɗin da hantsi. Baba ya ƙi yarda ma'aikatan gari su zo da injin yanka itace, ya ce ba za a yanka shi kamar katako ba. Ni na riƙe zarto, shi ya riƙe rassan yana sauke su ƙasa ɗaya-ɗaya, yana jerawa. Shugabar garkuna ta zo ta tsaya daga bakin shinge, ta ce ta yi baƙin ciki, na kuma yarda da gaske take. Ta ce a tone har saiwa saboda maƙwabta. Muka tona. Saiwoyin duk sun kumbura ƙulli-ƙulli kamar an ɗaure igiya, kuma a cikin ƙasa mai sanyi, tsakanin ƙullin, ga su nan da 'yar audugarsu, suna motsi a hankali. Baba ya durƙusa da gwiwar nan tasa ya ɗauki saiwa ɗaya ya kai kusa da ido.

“Nan suke tun farko,” ya ce.

Na ce nan suke. Sannan, ban san daga ina ƙarfin ya zo ba, na gaya masa duka. Na gaya masa abin da ke cikin baƙin dattin da ya kankare, da abin da ke cikin ganyen da ya ƙone, da abin da wuƙar ta yi wa ɓawon. Ban kewaya ba, ban sassauta ba. Shekara biyu da suka wuce ya kamata in yi maganar, kuma ba ta fi minti ɗaya ba.

Bai ɗago ba. “Ranar da ka zo sallama, ka sani?”

“Na sani, Baba.”

“Kana kallo ina wasa wuƙa.”

“Kunya na ji.”

Ya maimaita kalmar a hankali, kamar yana duba ta. Ya ajiye saiwar a kan tarin rassan, ya goge hannu a rigarsa. Na miƙa hannu in taimake shi ya tashi, kuma karon farko tun da na san shi ya kama.

“Ka yi ladabi,” ya ce. “An yi maka tarbiyya, ban ce ba a yi ba. Amma ita da tana nan, da ba ta ji kunyata ba. Da ta amshe ashanar daga hannuna, ta ce mini tsoho ba ka san komi ba.”

Na ce akwai reshe ɗaya mai sauran lafiya, zan iya ɗaukarsa in yi masa aure da wani gindin, cikin 'yan shekaru ya yi 'ya'ya irin waɗannan, masu tsamin nan. Na iya aikin, hannuna yana da kyau a kansa. Ya girgiza kai, ya ce, “Wannan kai za ka dasa, ba ita ba.”

Muka mayar da ƙasa cikin ramin. Ya karɓi manjagara ya daidaita wurin da kansa, ya tsince 'yan guntayen ɓawo ɗaya bayan ɗaya, har kusurwar ta yi fes kamar sauran garkar, ba mai cewa an taɓa dasa wani abu a nan. 'Yarsa ta ce mu zo mu ci abinci kafin jirgina. Ya ce mu yi gaba yana zuwa. Da na kai ƙofar shinge na waiwaya, yana tsaye jingine da manjagara, yana duban albasa, ya dubi bukka, ya dubi shingen maƙwabci. Ba da ni yake ba, amma na ji shi sarai.

“To gobe da sahe ina zan tsaya?”